"Ai Tsufa Ne": Maganar da Ke Hana Mu Duba Lafiyar Iyayenmu

Duk wanda ya tashi a gidan masu bi ya haddace doka ta biyar tun yana makarantar Lahadi. Fitowa 20:12 ta ɗora mana nauyin girmama uwa da uba, ba ta kuma yanka shekarar da nauyin zai sauka ba. Abin da ba a cika koya mana ba shi ne yadda wannan girmamawa take sa'ad da Baba ya haura shekara 80, ƙafa ta yi nauyi, ido ya dushe, Mama kuma ta fara maimaita tambaya ɗaya sau biyar kafin rana ta take. A wannan lokaci, rusunawa wajen gaisuwa da aiko da kuɗin cefane a ƙarshen wata ba su isa ba.

Akwai wata magana da nake ji kusan duk gidan da na shiga ziyara. Ka tambaya me ya hana Baba zuwa sujada, a ce maka, "Ai tsufa ne." Me ya sa Mama ta rame haka? "Fasto, tsufa ne." Da zarar an faɗe ta, bincike ya ƙare. Gaskiya ne tsufa yana rage ƙarfi, Mai Hadishi sura 12 ta kwatanta shi ba tare da ɓoye kome ba. Amma da yawa cikin abubuwan da muke jingina wa tsufa cututtuka ne masu suna, ana iya auna su, ana iya warkar da su ko a sassauta su. Wasu kuma haɗurra ne da ɗan gyara a tsakar gida zai hana. Wanda yake kula da iyaye dole ya koyi rarrabe tsufa da ciwo.

Mu fara da faɗuwa, gama ita muka fi rainawa. Eli firist yana da shekara 98, ba ya gani, jikinsa kuma ya yi nauyi. Da mummunan labari ya iso daga bakin daga, sai ya faɗo da baya daga kujerarsa, wuyansa ya karye (1 Sama'ila 4). Daga kujera kawai. Saurayi zai tashi ya kaɗe ƙura, amma ƙashin tsoho, musamman na mace da ta daɗe da daina al'ada, ya zama kamar azarar da gara ta ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka kai shekara 65 yakan faɗi a kowace shekara.

Ku yi wannan gwaji. Da dare, ku kashe fitila, ku bi hanyar da Baba yake bi daga gadonsa zuwa bayan gida. Za ku ci karo da dokin ƙofa, da tabarmar da bakinta ya naɗe, da turmin da aka bari a hanya, da igiyar akuya, da kwatar da ba a rufe ba. Littafin Firistoci 19:14 ya hana a ajiye wa makaho abin tuntuɓe. Ba lallai sai da mugunta ake ajiye shi ba, sakaci ma yana ajiyewa. A sa masa tocila a gefen matashin kai, da fo a ɗaki domin dare. A kankare gansakukar da ke daɓen wurin wanka, a ajiye kujera mai ƙarfi ya riƙa wanka a zaune. Tsuguno a masai yana da wuya ga mai ciwon gwiwa, tashi daga tsugunon ya fi wuya. Kafinta zai iya yin kujera mai rami da za a ɗora a bakin masan, a kuma kafa abin dafawa a bango. Silifas ɗin da gindinsa ya cinye a jefar da shi, ko da Mama za ta yi faɗa. A koya musu idan sun farka su zauna a bakin gado na ɗan lokaci kafin su miƙe, domin tashi farat ɗaya yana kawo jiri, balle ga mai shan maganin hawan jini.

Idan tsohuwa ta faɗi ta kasa tashi, kuka ga ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, ku ɗauka ƙashin kwatangwalo ne ya karye. Wannan ba karayar da mai ɗori zai ja ya ɗaure da kara ba ce. Tana bukatar hoton ƙashi, sau da yawa kuma sai an yi aiki, irin wanda ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa. Kwantar da ita wata uku a ɗaki ana shafa mai shi ke jawo gyambo da ciwon huhu, su ne kuma suke ɗauke ta, sai a ce tsufa ne.

Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana iya yawo da shi shekaru ba ciwon kai, ba jiri. Hanya ɗaya ta saninsa ita ce awo: idan ana samun 140 bisa 90 ko fiye a lokuta dabam-dabam, a ga ma'aikacin lafiya. Na'urar awon ba ta kai kuɗin wayar da ke hannun yawancinmu ba, jika ɗan sakandare ma zai iya koyon aiki da ita, ya riƙa rubutawa a littafi. Maganin kuwa ba irin na zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha kwana 3 a gama. Ana shan sa ne kullum. Awo ya yi kyau domin maganin yana aiki, ba domin ciwon ya tafi ba. Gishiri kuma a rage. Abin da aka shawarta wa babban mutum bai kai cikin ƙaramin cokali ɗaya a yini ba, ɗunƙulen magi ma yawancinsa gishiri ne. Daddawa tana nan, iyayenmu da ita suka saba.

A nan dole in yi magana a matsayina na mai kiwo. Akwai tsofaffin da suka ajiye maganinsu bayan an yi musu addu'a a wani taron farkawa, domin an gaya musu cewa ci gaba da sha rashin bangaskiya ne. Wannan koyarwa ba daga Maganar Allah take ba. Allah ne ya ƙara wa sarki Hezekiya shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20). Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne. In kun gaskata Ubangiji ya warkar da Baba, ku kai shi a auna, likita ya tabbatar, shi ya janye maganin. Haka batun azumi: dattijo mai ciwon suga da ya sha magani da safe ya ƙi cin abinci, sugansa na iya faɗuwa ƙasa, ya fara gumi da rawar jiki da sambatu. In yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari nan take, a kai shi asibiti. Ya kamata fastoci mu riƙa faɗa daga bagade cewa irin waɗannan an ɗauke musu azumin ikkilisiya, domin tsoho ba zai so a ce shi ne ya karya ba. Mai ciwon suga kuma a riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, gama ƙaya na iya shiga bai ji ba.

Ranar da kuka ga baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ce ta zo. Ba lokacin jiran babban ɗa ya iso daga Abuja ba ne. Ku yi addu'ar a cikin mota. Kada a ɗura masa ruwa, ko kunu, ko man shafewa a baki, domin maƙogwaronsa ma yana iya shanyewa, abin ya bi ta huhu.

Ku buɗe ledar magungunan iyayenku ku gani. Yawanci za ku tarar da na asibiti, da haɗin da aka sayo a kemis domin ciwon jiki, da jiƙon da wata maƙwabciya ta kawo, ana shan su gaba ɗaya. Magungunan ciwon gaɓɓai irin su diclofenac, ibuprofen da piroxicam, idan aka daɗe ana sha, suna ƙwaƙule ciki har ya yi jini, suna gajiyar da ƙoda, suna kuma ta da hawan jini. Bayan gida baƙi kamar kwalta alama ce ta jini a ciki. Duk ranar zuwa asibiti a kwashi ledar dukanta, har da na gargajiyar, a zube wa likita a tebur.

Sai ido. Binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da manya, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na makantar da aka samu irin wadda za a iya hanawa ce ko a magance. Aikin cire yana ba ya daɗewa, mutumin da aka shekara ana ja da sanda sai ya koma karanta Littafinsa. Asibitin Ido na ECWA a Kano yana wannan aiki tun shekarun 1940, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A guji masu yawo ƙauye-ƙauye suna soka tsinke su tura yanar cikin ido. Da yawa daga waɗanda aka yi wa haka sun ƙare da makantar da babu gyara. Kada kuma mu manta abin da ya faru a gidan Ishaku. Da idonsa ya dushe, ba baƙo ne ya ruɗe shi ba, matarsa ce da ɗansa (Farawa 27). Yau ma ana kama babban yatsan tsoho a dangwala a takardar gona bai san abin da ke ciki ba, ana riƙe katin fanshonsa a ce ana taimakonsa. Duk abin da ya shafi dukiyar iyaye a yi shi a gaban 'yan'uwa, a karanta musu da harshen da suke ji.

Wasu cututtukan kunya ce take ɓoye su. Dattijon da yake tashi fitsari sau shida a dare, ko yake yunƙuri kafin ya fito, ba zai gaya wa 'yarsa ba, balle matar ɗansa. Sau da yawa kumburin wani ƙullutu ne da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda likitoci ke kira furostet, akwai kuma magani. In fitsarin ya tsaya cak, a tafi asibiti a daren. Tsohuwar da ta ga jini bayan ta shekara da shekaru da daina al'ada, ko ta ji ƙullutu a nono, ba za ta gaya wa ɗanta ba. Saboda haka a san wanda za a tura ya yi tambayar: ɗa namiji ko wani dattijon ikkilisiya ga Baba, 'ya mace ko wata uwa daga zumuntar mata ga Mama. Tarin da ya wuce mako 2 a gwada shi; gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Gigin tsufa da zargin maita

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna. Akwai ciwon ƙwaƙwalwa da Hausawa ke kira gigin tsufa, likitoci kuma suna ce masa dimenshiya. Nau'insa mafi yawa shi ne wanda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Wani nau'in yana biyo bayan hawan jini da toshewar ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Fiye da mutum miliyan 55 ne ke ɗauke da shi a duniya, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ba kowane tsoho yake samunsa ba, wannan ma ya isa ya nuna mana cewa ciwo ne.

Yana farawa a hankali. Mama ta manta ta ci abinci, ta ce ana barin ta da yunwa. Ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin katifa, ta manta, ta ce matar ɗanta ta sace. Tana tuna sunan wanda ya yi mata baftisma shekara 60 da suka wuce, amma ba ta gane jikanta. Da yamma rikicewar takan ƙaru. Tana iya tashi tsakar dare ta ɗaura kaya ta ce za ta gida, tana nufin gidan ubanta da ya rushe tuntuni. Tana iya tuɓe zane a gaban mutane. Tana iya hira da mijinta da ya rasu.

Ku haɗa waɗannan ku gani. An tsinci tsohuwa da asuba a bayan gidan wani, ba zane, tana kiran sunayen matattu. A makon nan kuma yaro ya mutu a unguwar. Kun san sunan da za a ba ta. Sai a taru a kanta ana tsawa, ana tambaya, "Ke kika ci shi?" Mutumin da ƙwaƙwalwarsa ta lalace, ga tsoro, yakan amsa duk abin da aka sa masa a baki. Sai a ce ta yi furuci da kanta. Da irin wannan furuci aka doki uwaye, aka kore su daga gidajen da suka gina, wasu aka kashe su. Abin baƙin ciki, wani lokaci wurin addu'a ne ya fara nuna yatsa.

Ban ce babu ikokin duhu ba, Afisawa sura 6 ta gaya mana akwai. Amma wannan surar ce ta gaya mana yaƙinmu ba da mutane ba ne. Shari'ar Musa ba ta yarda a hukunta mutum ba sai da shaidu biyu ko uku da bincike mai kyau (Maimaitawar Shari'a 19), mafarki da sambatun marar lafiya kuwa ba shaida ba ne. Ku lura kuma da waɗanda ake zargi: gwauruwa ce, matalauciya, wadda ba ta da ɗa mai ƙarfi a kusa, wani lokaci mai gonar da ake so. Uwar mai kuɗi in ta yi irin wannan, asibiti ake kai ta. Dokar ƙasar nan ma ta ɗauki zargin mutum da maita a matsayin laifi. Fasto ko dattijon da aka kawo masa irin wannan ƙara, abu na farko shi ne ya fitar da tsohuwar daga hannun taro, na biyu ya sa a kai ta wurin likita.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da gigin tsufa, amma zuwa asibiti ba asara ba ne. Akwai abubuwan da ke kama da shi waɗanda ake warkarwa, akwai kuma taimako domin rashin barci da firgita. Sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Barnawa a Kaduna da na Maiduguri, suna ganin irin waɗannan. Zuwa can ba ya nufin Mama ta haukace. Ku riƙe wannan bambanci da kyau: gigin tsufa yana ɗaukar watanni da shekaru. Idan tsohon da yake lafiya jiya ya rikice yau, wani ciwo ne a jiki, kamar zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa, faɗuwar suga ko wani sabon magani. Tsofaffi sukan rikice ko jikinsu bai yi zafi ba. A kai shi a ranar, sau da yawa hankalinsa yakan dawo.

A gida, kada a yi gardama da ita. In ta ce za ta wurin babanta, ba sai an sake yi mata sanarwar mutuwarsa kowace yamma ba. A ce ta zauna ta sha kunu tukuna, a tambaye ta labarinsa. A ɗinka takarda mai lambar waya a rigarta, a sanar da maƙwabta da mai unguwa halin da take ciki tun kafin ta ɓata, a rataya ƙararrawa a ƙofa. A kawar da ashana, da maganin feshi, da kananzir ɗin da aka zuba a robar lemo. Ɗaure ta da igiya ko kulle ta a ɗaki ita kaɗai ba kulawa ba ce. Wasu sukan manta Hausa da Turanci su koma harshen da aka yi musu reno da shi, ko Tangale ne, ko Ngas, ko Bura, sai a nemi mai jin harshen ya riƙa zama da su. Tsofaffin waƙoƙin sujada kuwa sukan daɗe a zuciya bayan sunaye sun gudu. Ku rera mata, za ku ga bakinta yana bi.

Yanayi ma yana da nasa haɗari. Sarki Dawuda da ya tsufa, ko an lulluɓe shi ba ya jin ɗumi (1 Sarakuna 1). Da hunturu a ƙara bargo da safa, amma kada a bar kaskon garwashi a ɗakin da aka rufe, kada kuma a kunna janareta a kusa da taga. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Da bazara kuma tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, wani ma yana ƙin sha don gudun fitsari. Kada a jira ya roƙa, a riƙa miƙa masa.

Masu zama a birni sukan yi tunanin mafita ita ce a ɗauko iyaye daga ƙauye. Wani lokaci haka ne, musamman inda rashin tsaro ya tashi mutane ko asibiti ya yi nisa. Amma ku tuna da Barzillai, mai shekara 80, wanda Dawuda ya gayyata ya zauna a fada a Urushalima. Ya gode, ya roƙa a bar shi ya ƙarasa kwanakinsa a garinsu, sarki kuma bai tilasta masa ba (2 Sama'ila 19). Tsohon da aka raba da gonarsa da tsaransa da majami'arsa, aka ajiye shi a gida mai get daga safe zuwa dare shi da talabijin, yakan daina ci, ya daina magana. Wannan ma ciwo ne, baƙin ciki ne mai kwantar da mutum. Muddin hankalinsu yana nan, a tambaye su abin da suke so, a kuma saurara.

Idan ta kai ga kwanciya, aikin ya zama na dare da rana. Ana juya marar lafiya kamar kowace awa 2, ana duba diddige da ƙugu da gindin baya. Jan da bai washe ba farkon gyambo ne. Ana ciyar da shi a zaune, a hankali, ana sauya shimfiɗa da zarar ta jiƙe. Wa yake yin wannan duka? A yawancin gidajenmu mace ɗaya ce, matar ɗa ko 'yar da ba ta yi aure ba, ko jikar da aka cire daga makaranta. Sauran suna bugo waya suna ba da umarni. In ta gaji ta ɗaga murya, ita ce muguwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan'uwa su zauna su raba abin dalla-dalla: wa ke biyan magani, wa ke kai asibiti, wa zai zo ya karɓe ta na mako guda ta huta. Mai jinyar ma a tambayi lafiyar bayanta da barcinta.

Bulus ya faɗa wa Timoti cewa 'ya'ya da jikoki su ne na farko da wannan nauyi ya hau kansu, ya kuma yi magana mai zafi a kan wanda ya ƙi kula da gidansa (1 Timoti 5). Ubangiji Yesu ya tsauta wa masu fakewa da baiko don su hana iyaye taimako (Markus 7), saboda haka alkawarin kuɗin ginin majami'a ba hujja ba ce ta barin Baba ba magani. Kuma mun san iyalan da suka ce babu kuɗin aikin ido, amma da ya rasu aka ajiye gawa makonni, aka ɗinka anko, aka yanka saniya.

Ikkilisiya ma tana da rabonta, musamman ga waɗanda ba su da kowa. Saboda gwauraye ne aka zaɓi mutum bakwai a Ayyukan Manzanni 6. Kowace majami'a ta rubuta sunayen tsofaffin da suka daina fitowa. Inda akwai nas ko ma'aikacin lafiya cikin membobi, a ware Lahadi ɗaya a wata a auna jini da suga bayan sujada. Matasa su je su gyara hanyar bayan gida da masai. Zumuntar mata ta tura mutum biyu su zauna da marar lafiya ranar Lahadi, domin mai jinyar ta samu zuwa sujada. Ranar Jibin Ubangiji kuma, fasto da dattijo ɗaya su ɗauki gurasa da ƙoƙo su bi gidajen da ke cikin takardar kafin rana ta faɗi.